Ranar da Aka Auna Inna

Lokacin da na auri mijina yana da jirgin sama nasa na kansa. Haka na faɗa wa ƙawayena na Damagaram ta waya, kuma sai da na bari suka gama mamaki sannan na ƙara bayani. Jirgin ya girmi mai shi. Kujera biyu gare shi, fari ne da jan layi a gefe, in ka tsaya kusa da shi kana iya dafa fiffikensa da tafin hannu. Mijina makanike ne, injinan jirage yake gyarawa a bayan garin Paris. Ya saye shi a hannun wani tsoho da idonsa ya yi rauni, ya yi shekaru yana kwancewa yana ɗaurawa a ranakun hutu, tun kafin ya san ina duniya.

Ni kuwa na zo karatu Saint-Denis, a gefen Paris, da akwati guda, rabinsa littattafan soyayya da nake saya a kasuwa tun ina ƴar makaranta. A cikinsu saurayi yakan zo da doguwar mota, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Nawa da metro ya zo, jirgin ƙasa na cikin gari, da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Amma ranar da ya fara ɗaga ni sama na yafe masa duk wannan, na ce a raina ko marubutan ba su kai nan ba.

Sau da yawa ranar Asabar mukan tashi zuwa Lyon, wajen Yayata da ke aure a Vénissieux. Jirgin ƙasa ya fi sauri ya kuma fi araha, mijin Yaya ba ya gajiya da faɗa mana. Ban taɓa kula shi ba. Nakan zauna a kujerar dama, kafaɗata na gugar ta mijina, gonaki na wucewa ƙasa kamar atamfofin da aka shanya. Yakan nuna mini kogi ya faɗi sunansa ta cikin abin kunnen da muke sawa, muryarsa ta shigo kaina kamar daga cikina take fitowa. Abin da na fi so ga jirgin nan shi ne ƙanƙantarsa. Babu wurin mutum na uku a ciki.

Sai Allah ya ba mu ƴa mace. Jirgin ya koma kwana a rumfarsa wata da watanni, kuɗin rumfa na tafiya ko ya tashi ko bai tashi ba. Yarinyar ta fara zuwa makaranta ke nan Inna, mahaifiyata, ta zo daga gida don aikin gwiwa, aka ce za ta daɗe, ta ɗan zauna wurinmu ta ɗan zauna wurin Yaya. Wata yamma muna cin abinci mijina ya ce zai sayar da jirgin ya shiga kulob. Ya yi mini bayani: mutane ne suka haɗa ƙarfi suna da jirage masu kujera huɗu, kowa ya kama ranar da yake so ya tashi, ya dawo ya bar wa na baya. Ya ce ta haka zai iya ɗaukarmu duka.

Hujjarsa ba ta da aibi. Yadda ya faɗe ta ne ya tsaya mini a wuya. Bai ajiye cokali ba, bai dube ni ya ga yadda na ji ba. Ranar da mai saye ya zo kuma har fito yake yi yana goge gilashi. Ni na karanta da yawa, na san namijin da zai rabu da abin da ya yi neman aure da shi kuma ya kwana barci lafiya, akwai inda hankalinsa ya koma. Daga ranar na sa masa ido.

Asabar ɗinsa ta ƙara tsawo. Ya ce a kulob kowa na da aikinsa, ana wanke jirage, ana yankan ciyawa, ana zaman shawara. Wata kalma kuma ta shigo mana gida: Madam. Madam ta ce kaza, Madam ba ta yarda a yi kaza ba. Ita ce shugabar kulob ɗin. Kafin in gan ta na riga na gama zana ta a kaina, doguwa, da gashi har gadon baya da baƙin tabarau.

Da ya kai ni filin na tarar da wata gajeriyar tsohuwa mai furfura, an aske ta kamar namiji. Na ji sanyi, amma bai daɗe ba. Ta dubi mayafina, ta dubi ƴata da ta ɗora hannu a fiffiken wani jirgi, ta ce kada a taɓa. Mu kaɗai ne baƙar fata a wurin. Zargin da na zo da shi bai tafi ba, wuri kawai ya sauya.

Jirgin da ya ɗauke mu a ranar ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, na kuma tsane shi tun daga ƙofa. Kujerar dama an turo ta gaba, alamar wata ko wani gajere ya zauna kafin ni. Akwai ƙamshin turaren da ba nawa ba. A aljihun bayan kujera na tsinci abin ɗaure gashi. Da na nuna masa ya ce mutane da yawa ke hawa, wa ya sani, wataƙila na ƴar wani ne. Na jefa shi a jakata, ya daɗe a ciki.

Bayan wannan akwai tsoron da ya fi shi nauyi. Namu na da, babu ƙusar da mijina bai san ta ba. Wannan kuwa wa ya san wanda ya buga shi da ƙasa jiya ya yi shiru? Ya ce dokar kulob ce duk wanda ya yi kuskure ya faɗa, ba a tsawata masa. Na ce ni ban taɓa ganin inda mutane suke haka ba.

Ana cikin haka Yaya ta haihu, namiji bayan mata. Aka ce za a yi taron suna ranar Asabar don mutane su samu zuwa. Mijina ya shigo da murnarsa, ya ce ya kama jirgi, zai kai mu Lyon mu huɗu: shi, ni, yarinya da Inna. Na gane abin da yake so. Yana so ya nuna mini bai yi asarar sayar da namu ba. Ni kuma ban shirya taya shi ba.

Saura ƴan kwanaki ya same ni a kicin ya rage murya.

"Ki tambayar mini nauyin Inna. Sai da shi zan yi lissafi."

"Ga ta can a falo, Malam. Ka tambaye ta."

Ya dube ni kamar na zage shi. Tun zuwan Inna mutumin nan bai taɓa cin abinci a gabanta ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, da hula a kansa, idonsa a kan kafet. In yana da magana da ita ni yake faɗa wa, ko da tana zaune tana ji. Na san ba zai iya ba, shi ya sa na faɗa. Da na so, da na kira Yaya ta duba takardun likita. Ban kira ba.

Ashe yarinyar ta ji mu. Ta ruga falo ta haye cinyar kakarta.

"Kaka, ke kilo nawa ce?"

"Ki je ki ce wa uwarki ni ba buhun gero ba ce."

Bayan sallar magariba Inna ta kira ni ɗaki ta tambaye ni ko gida za mu mai da ita. Ta ce ita dai ta san ba a kawo zancen awo sai za a ɗaure kaya. Na rantse mata ba haka ba ne, jirgin ne ƙarami. Ta ce to, amma washegari na ga ta ninke zannuwanta duka ta jera a akwati.

Don haka mijina ya ƙiyasta. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga abin da ya rubuta wa Inna, ko ni na fi shi. Inna kuwa mace ce da Allah ya yi wa jiki, zaman jinya kuma ya ƙara mata. Na tambaye shi ko wannan nata ne. Ya ce hannunsa ba zai iya rubuta wa surukarsa abin da ya fi haka ba, zai cike giɓin ta wajen kaya, kowa ya ɗauki ƴar jaka ɗaya. Ni ya faɗa wa. Ita babu wanda ya faɗa mata, ta kuwa riga ta aike ni wajen wani Alhaji mai shago kusa da Porte de la Chapelle. Dabino da goro na suna, turamen atamfa, kilishi, yajin jego, garin kunu, har da tukunyar da ta zo da ita daga gida don ta ce tukwanen Yaya ba sa nuna miya. Da safe da ya ga kayan a bakin ƙofa ya buɗe baki, ya ga Inna ta fito, ya rufe, ya sunkuya ya ɗauka.

Ranar an tashi da zafi. Filin kulob ɗin ciyawa ne, ba shi da tsawo, da jerin itatuwa a ƙarshensa. Muna tsayawa Madam ta fito da kofi a hannu. Ta tsaya tana kallon Inna na saukowa daga mota da sandarta. Ta kalli abin da ke fitowa daga but. Sai ta miƙa wa mijina hannu ta ce ya ba ta lissafinsa. Ta dubi takardar, ta dubi Inna, ta ce jirgin nan ba zai motsa ba sai kowa da komai ya hau sikeli.

Duk abin da na tara a watannin nan ya taso mini. Muna shigowa na ga wasu Turawa biyu sun tashi babu wanda ya tsai da su. Na faɗa mata haka da Faransanci, a gaban mutane, na tambaye ta ko mu kaɗai ake aunawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce su biyu ne da jaka ɗaya, kuma ta san su. Har yau ban sani ba ko amsar ke nan duka. Ta juya ga mijina ta ɗora yatsa a kan takardar ta tambaye shi ko wannan aunawa ya yi ko zato.

"Zato ne," ya ce, kansa a ƙasa.

Ta ce da jirginsa ne da babu mai tambayarsa, amma wannan na mutane da yawa ne, ita kuma ta san itatuwan can.

Ni aka bar wa aikin faɗa wa Inna. Na zagaya, na sassauta, amma ta gane tun kafin in kai ƙarshe. Ta ce dama ta san da wata a ƙasa. Ta ce likita daban, shi an san magani yake nema, amma a ɗora ta a sikeli a fili kamar kayan sayarwa, surukinta na tsaye, wannan ba da ita ba.

Madam ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta ga inda idon Inna ya je. Ta ɗauki sikelin da kanta ta kai wani ɗan ɗaki da suke ajiye taswira, ta kori mazan da ke kusa. Ta cire takalmanta ta hau, ta nuna wa Inna lambar. Inna ta kalle ta sama da ƙasa.

"Wannan ai ko iska ta ɗauke ta," ta ce mini. "Ki tambaye ta ko ba ta da mai dafa mata."

Ban fassara ba. Sai Inna ta kafa sharaɗi: ba za a faɗi lambar da baki ba, kuma yaron nan, wato mijina, ba zai gan ta ba. Madam ta yarda, ta ce ita za ta yi lissafin. Na gyara tsayuwa zan riƙe mata sanda, Inna ta ce ni ma in fita. Na tsaya a waje ina jin muryoyinsu, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci, har da ƴar dariya. Na rasa me ya ba su dariya, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Bayan an auna ni, an auna yarinya da tukunya da dabino, Madam ta zauna ta yi lissafinta ita kaɗai. Ta fito ta ce abu biyu ne. Na farko, da wannan zafi da wannan fili, ko an bar kaya duka mun yi nauyi, sai dai a rage mai a sauka a hanya a ƙara. Gwiwar Inna kuwa ba za ta iya hawa da sauka sau biyu ba. Ke nan babba ɗaya zai bi jirgin ƙasa da kayan. Na biyu, in Inna za ta hau, dole ta zauna gaba, kusa da matuƙi, don kada bayan jirgin ya rinjaya.

Na ɗauka magana ta ƙare, duka za mu tafi tasha. Har na ji wani ɗan daɗi da ban so a gani a fuskata ba. Na fassara wa Inna ina jiran ta ce a mai da ita mota.

"An auna ni a gaban Anasara, sannan in koma yadda na zo? Sai na hau."

Mijina ya matsa kusa da Madam yana raɗa mata cewa ba zai yiwu ba. Ta tambaye shi ko sun yi faɗa da tsohuwar ne. Ya ce a'a. Ta tambaya ko yana tsoron ta taɓa wani abu. Ya ce ba haka ba ne. Ya juyo wurina yana neman taimako, gumi na bin gefen hularsa, ni kuma na rasa ta inda zan fara yi wa matar nan bayanin cewa tsawon aurenmu ko kujerar falo ɗaya ba su taɓa haɗawa ba. Inna ta tambaye ni me yake cewa. Na faɗa mata. Ta jawo mayafinta ta gefen hagu har ya rufe mata rabin fuska.

"Ki ce masa ya dubi gabansa, ni ma in dubi nawa."

Ni da Madam muka hau da ita, ɗaya na riƙe da hannu ɗaya na tallafe da baya, shi kuma ya juya yana duba tayar da ya riga ya duba. Ni na ɗaura mata bel a kujerar dama. Ni na sa mata abin kunne a kan ɗankwali. Yarinyar na baya da ƙullin dabino a gefenta tana ɗaga mini hannu. Na sauko na tsaya a ciyawa. Uwata da mijina da ƴata, duka a cikin jirgin da ban san wanda ya tuƙa shi jiya ba.

Jirgin ya yi gudu a ƙasa fiye da yadda na saba gani. Na yi ta jira ya ɗaga bai ɗaga ba, itatuwan na matsowa, duk addu'ar da na sani ta cakuɗe a bakina. Sai ya ɗaga, a hankali, ya wuce su da tazarar da ni dai ban ga yawanta ba. Na waiga na ga Madam ba ta ɗauke ido ba sai da ya zama ɗigo, kofinta ya huce a hannunta. Na tuna tukunya da turamen atamfa da ni kaina, da a ce duk muna ciki, sai na zauna a kan akwati.

Madam ce ta kai ni tasha a ƴar motarta. Na shaƙi iskar motar da kyau don in ji ko turaren nan nata ne. Warin kare na ji da na tsohuwar taba. Da za ta sauke ni ta ce in gaya wa mahaifiyata lambar tana wurinta, babu mai ji.

A jirgin ƙasa na zauna bakin taga ina kallon sama, tukunya tsakanin ƙafafuna. Mun yi nisa kafin saƙon mijin Yaya ya shigo cewa sun sauka lafiya. Na isa Vénissieux da la'asar, na sha metro da taragu da kaya niƙi-niƙi, kayan sunan da na ci ado da su sun jiƙe da gumi.

Falon Yaya cike yake da mata, Inna a tsakiya jariri a cinyarta, ita ke da magana. Tana ba su labarin yadda motoci suka koma kamar tururuwa, da wani kogi da yaron nan ya nuna mata ya faɗa mata sunansa. Na tsaya da tukunya a hannu. Yaya ta ja ni kicin ta ce tun da suka iso Inna ɗana take ce wa mijina, har ta zaɓi nama da hannunta ta aika masa ƙasa wurin maza.

Na tare shi a matakala na tambaye shi me suka yi ta faɗa a sama. Ya ce addu'a suka yi, sai kuma suka ɗan taɓa hira. Na ce hirar me. Ya yi murmushi ya ce ana jiransa. Da na samu Inna ita kaɗai tana alwala na tambaye ta, ta ce wannan tsakaninta da surukinta ne, in miƙo mata tawul.

Washegari da hantsi na fito na tarar ta riga ta shirya, ta naɗa mayafinta ta gefen hagu, sandarta a hannu. Ta ce in tambayi mijina ƙarfe nawa jirginmu zai tashi. Na tambayo mata. Sannan na ɗauki jakata na sauka neman tikitin jirgin ƙasa.